Vespa ko Honda CG125: injin wanne ya kamata ka fara saukewa a gida?

Duk wanda sha'awar tsofaffin babura ta kama, yawanci zaɓinsa yakan tsaya ne tsakanin guda biyu: Vespa irin ta malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati tun zamanin Udoji, ko kuwa Honda CG125 ɗan Japan. Har yau ana samunsu jingine a zaure ko a bayan shago, ƙura ta lulluɓe su, taya ta sace, kuma kowannensu mutum zai iya sauke injinsa a gida ya tashe shi da hannunsa. Abin tambaya shi ne da wanne za a fara. Idan ka tambayi jama'a, da yawa za su ce maka Vespa ta fi sauƙi, ai ba ta da bawul. Ni ban yarda da wannan magana ba. Rashin bawul yana sauƙaƙa aikin sama ne kawai, wahalar Vespa kuwa a ƙasa take, sai an raba kesin, wato gangar jikin inji, gida biyu ake ganinta.

Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙera Vespa a 1946. Waɗanda aka fi cin karo da su a wajenmu su ne Super mai taya inci 8, da Sprint mai inci 10, dukansu daga 1965, sai kuma jerin P da aka fito da shi a 1977, wanda daga baya aka sani da PX. Injinta mai bugu biyu ne: duk zagaye ɗaya na karanshaf wuta take tashi sau ɗaya, fistin ne da kansa yake buɗe ƙofofin jikin silinda yana rufewa, kuma man da ke shafe boris da fistin a cikin fetur ake gauraya shi. Babu sarƙa. Inji da giya da tayar baya duk dunƙule ɗaya ne.

CG125 kuwa labarin haihuwarsa ma ya isa ya nuna maka halinsa. A 1974 Honda ta tura injiniyoyinta su zaga ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Iran da Pakistan don su ga yadda ake amfani da baburanta. Suka tarar ana yi wa babur lodin iyali guda, ga baƙin mai ba a juye shi sai ya yi kauri, abin da yake kashe kam, wato ƙarfen da ke buɗe bawul, wanda a babur ɗinta CB125 yake zaune can saman inji, inda mai ke daɗewa bai isa ba. Sai suka sauko da kam ƙasa kusa da mai, suka ba shi haƙori maimakon sarƙar taimin, suka bar masa tozo ɗaya tak wanda ke tura bawul biyun ta wasu sanduna guda biyu. A 1975 ya shiga kasuwa, a 1976 aka fara haɗa shi a Manaus ta Brazil, kuma har yanzu Atlas Honda na yin sa a Pakistan. Ma'ana, da gangan aka tsara injin don ya jure sakaci, ya kuma gyaru a hannun wanda ba shi da kayan aiki masu yawa.

A aikin sama dai Vespa ce a gaba, babu gardama. Ka cire murfin iska, ka kwance noti huɗu, tof, wato kan silinda, ya fita, silinda ta zare, ga fistin a hannunka. Abin lura kaɗan ne: kibiyar da ke kan fistin ta kalli ƙofar salansa, bakin kowane ringi ya zauna daidai kan ɗan tsinken da ke cikin raminsa, sannan a kankare gawayin da ya toshe ƙofar hayaƙi. Wanda ya danna silinda alhali ringi ya hau kan tsinken nan, ya karya ringi nan take. A CG akwai ƙarin aiki. Sai ka fitar da bawul, ka duba ko bakinsu ya ƙone, ka murza su da man niƙa har zoben da suke zama a kai ya fito fes babu tabo, ka sauya robobin wuyansu idan samfurinka yana da su. Gefen fistin da aka rubuta IN shi ke kallon kafireta, bakunan ringi kuma a rarraba su, kada su yi layi ɗaya. A ƙarshe a saita ratar bawul a kan 0.08 na milimita, inji yana sanyi. Aiki ne na haƙuri, amma duk abin da ka yi idonka yana ganinsa. Ka zuba kananzir a ƙofar tof ka jira. Idan ya tsattsafo ta bakin bawul, ka san niƙa bai yi ba, ka koma. Idan rata ta yi yawa inji zai yi ta ƙaras-ƙaras, ka buɗe murfi ka gyara cikin minti kaɗan. Kuskuren CG yana faɗa maka da wuri, kuma yana yafiya.

To, mu sauka ƙasa, inda zancen yake.

A inji mai bugu biyu, kesin ba mazubin mai ba ne kawai. Ta cikinsa fetur da iska suke bi kafin su hau silinda, don haka dole ɗakin karanshaf ya kasance a toshe ruf. Sil biyu, wato robobin da ke wuyan karanshaf, su ne ke wannan tsaro, kuma a Vespa da ta shekara ashirin a ajiye, ka ɗauka dukansu sun bushe. Idan na gefen kuloci ya mutu, inji zai riƙa zuƙar man giya yana ƙonawa, hayaƙi ya yi yawa, fulogi ya riƙa jiƙewa, man giya kuma ya yi warin fetur. Wannan da sauƙin ganewa. Na gefen filawil shi ne mugun. Iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya, mai ya yi ƙaranci a cikin gaurayen, ka saki totur amma inji ya ƙi sauka da wuri, zafi ya hau, wata rana kana tsakiyar titi fistin ya cije, tayar baya ta kulle. Sabon fistin ba ya maganin wannan. Mutum zai iya kashe kuɗi ya yi wa silinda borin, ya sa sababbin kaya, wata ɗaya bai cika ba ya koma gidan jiya, saboda 'yar roba da bai sauya ba ko kuwa ya sa ta a karkace.

Akwai kuma abin da ya fi sil tsada. A irin waɗannan Vespa, kumatun karanshaf ne da kansa yake buɗe ƙofar shigar mai yana rufewa, yana wucewa dab da wani ɗan fili mai santsi a jikin kesin, ƙarƙashin kafireta. Ratar da ke tsakaninsu bai kamata ta wuce kusan 0.1 na milimita ba. Idan boris ya taɓa sakewa har karanshaf ya gogi wajen, ko yashi ya shiga ya ja masa layuka masu zurfi, babur zai riƙa tofo mai ta bakin kafireta, ya yi wuyar tashi, ya ƙi tsayawa a silo. Ba abin da za ka saya a shago ka ɗaura ba ne, jikin kesin ne. Gyaransa sai waldar alminiyam da injin daidaitawa, ko a cike da gam na ƙarfe, ko a nemi wani kesin gaba ɗaya, kuma rabi biyun tare aka yi su, ba a son a haɗa rabin wannan da rabin wancan. Shi ya sa idan za ka sayi tsohuwar Vespa, ka roƙi mai ita ya bari a cire kafireta, ka haska tocila a ramin, ka juya filawil a hankali kana kallon kumatun karanshaf. Idan ka ga zane-zane a jikinsa, ka san akwai irinsu a ƙasa.

Giya ma da nata. Cikin sandar tayar baya akwai wani ƙarfe mai hannu huɗu kamar gicciye, shi ne yake shiga cikin kowace giya ya kama ta. Idan ka zaro shi daga tsohon inji za ka ga kusurwoyinsa, waɗanda ya kamata su kasance a tsaye cak, sun lanƙwashe sun yi sulɓi suna ƙyalli. Wannan shi ne dalilin da Vespa ke tsalle ta fita daga giya idan an ba ta wuta. Ƙarfen ba shi da tsada, da gangan ma aka yi shi ya riga haƙoran giya cinyewa, amma zaren sandarsa na hagu ne, wanda bai sani ba zai yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake. Giyoyin huɗu kowace da fuskar da take kallo, sai ka jera su yadda suka fito, kuma wasan da suke yi a kan sanda kada ya wuce rabin milimita, in ya wuce a sauya washa da mai kauri. Daga nan sai tarin haƙoran da ke karɓar ƙarfi daga kuloci, wanda ke juyawa kan 'yan allurai 21 da ba su da keji. Da giris ake manna su ɗaya bayan ɗaya. Idan guda ta faɗi a ƙasan zaure, aikin ranar ya tsaya sai an gan ta.

Ka kwatanta wannan da ƙasan CG. Sau da yawa ma ba sai an raba kesin ba. Idan ka kama kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ka ja sama ka danna ƙasa ba ka ji wasa ba, filawil ba ya girgiza, giya tana shiga lafiya, to aikinka ya tsaya a sama da gefe biyu. Ta dama akwai kuloci da famfon mai da wani ɗan kwano da ke kan karanshaf wanda ke tace mai ta hanyar juyawa. Ka buɗe murfinsa ka gani: baƙin laka ne daskararre ya manne a bangonsa, sai ka sa bakin sukundireba kana ɓamɓarowa kamar ƙanzo a gindin tukunya. Akwai CG da yawa da tun da aka saye su ba a taɓa buɗe wannan kwano ba, ga shi kuwa idan ya cika dattin kai tsaye yake wucewa cikin boris ɗin kwanrod. Ta hagu akwai ragar tace mai, da haƙorin kam wanda taiminsa bai wuce ɗigo biyu da za a haɗa su kalli juna ba. Sil ɗin CG idan ya tsufa, mai zai ɗiga a ƙasa ka gani, ba zai cinye maka fistin a ɓoye ba.

Ba wai CG ba shi da tarko ba. Tsofaffin sukurorin murfinsa masu kan gicciye suna saurin lalacewa idan aka sa musu sukundireba na yau da kullum, sai da irin wanda ake duka da guduma. Notin kwanon tace mai yana da tsaga huɗu, yana buƙatar soket nasa. Zaren da ke jikin alminiyam kuma ba ya son ƙarfin tuwo, musamman na ramin fulogi da na murfin tof. Amma kayan aiki na musamman da yake nema ba su wuce wannan soket da abin zare filawil ba. Vespa tana son abin zare filawil nata, da soket na notin kuloci mai haƙora, da abin matse kuloci, da abin riƙe shi, ga dabarar zaunar da karanshaf cikin boris ba tare da an buga shi ba. Na san akwai bakanikai da ke yin duk wannan da kurfi da guduma, kuma babur ya tashi. Sai dai hannun da ya shekara talatin yana aikin ya san iyakar dukan da ƙarfe zai ɗauka, hannun sabon shiga bai sani ba. Karanshaf ɗin da aka doka a kai yakan goce, kuma a Vespa gocewarsa ita ke cinye wancan fili da na ambata.

Abu biyu ne ba na gida ba, ko wanne ka zaɓa. Na farko borin ɗin silinda. Na biyu sauya kwanrod, domin karanshaf ɗin duka biyun matse shi aka yi da injin matsa, sai an raba, an mayar, an daidaita a kan ma'auni. Ka sayi fistin tukuna, sannan ka kai shi tare da silinda wajen masu injin, su yi ramin daidai da shi. Faɗin silindar CG125 milimita 56.5 ne, ƙarin girmansa yana tafiya 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00. Na P150X da PX150 milimita 57.8 ne, ƙarinsa 58.0, 58.2, 58.4.

Batun kayan gyara shi ne ya fi karkatar da ni. Kamfanonin China sun kwafi injin CG suna bugawa ba adadi, mai 125 da mai 150 da waɗanda suka fi haka, kuma shi ne a cikin babura da yawa da ke kan titunanmu da kekunan ɗaukar kaya masu ƙafa uku. Don haka fakin, ringi, bawul, faifan kuloci, kafireta, duk za ka same su daga Kofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, balle Nnewi inda dilolin suke, har ma a shagon ƙaramin gari. Illa iyaka ka tafi da tsohon a aljihu ka gwada, saboda kwafin ba duka ne suka yi daidai da na asali ba. Akwai fistin mai fil na milimita 15, akwai mai 13, sandunan tura bawul ma tsawonsu yakan bambanta. Ingancinsu kuma hawa-hawa ne. A boris da ringi da sil kada ka bi araha.

Na Vespa akwai su, amma sai da nema da sani. Piaggio ta daina yin PX wajen 2017, mafi yawan abin da ke yawo a kasuwa kuma daga Indiya yake, inda Bajaj ta yi Chetak a kan tsarin Sprint daga 1972, LML ta Kanpur kuma ta yi nata a kan tsarin PX. Wasu kayan suna shiga daidai, wasu a ido ne kawai suke kama. Super da Sprint faɗin silindarsu 57 ne, ba 57.8 ba, kuma ƙofofin hawan mai biyu gare su, jerin P kuwa uku. Wasu injinan LML na baya-bayan nan ma ba karanshaf ke buɗe musu ƙofar mai ba, wani faifai ne mai harshe. Kafin ka sayi komai, ka goge bayan kesin ka karanta lambar inji: VBC1M Super ce, VLB1M Sprint, VLX1M ita ce P150X, VSE1M kuma mai 200. Ka tuna kuma cewa babur ɗin da ya wuce hannu biyar zai yiwu jikinsa daban, injinsa daban. Amfanin da Vespa take da shi a nan shi ne tsofaffin bakanikanta. Sun ragu, amma waɗanda suka saura sun san ta ciki da bai, kuma in ka je musu da ladabi ka ce, "Baba, don Allah duba min wannan karanshaf," sau da yawa amsar da za ka samu ta fi ta kowane shago.

Bayan an gama kuma sai zaman yau da gobe. Vespa tana son man bugu biyu kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 a kowace lita ta fetur, sai man giya SAE 30 mililita 250. Al'adar nan ta tsiyaya baƙin man mota a tanki da ido ita ke toshe salansa da gawayi, ta liƙe ringi. CG yana ɗaukar kusan lita ɗaya ta baƙin mai, kuma tunda kuloci a cikinsa yake wanka, a nemi wanda aka yi don babur, mai alamar JASO MA. Wajen shan fetur CG ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, abin da ba a rainawa tun da aka cire tallafi a 2023. Ita kuwa Vespa tana da abin da CG ba zai taɓa ba ka ba: ka hau da babbar riga ba abin da zai kama ta, ga tayar safaya a gefe, ga wannan sauti da idan dattijo ya ji daga nesa sai ya waiwayo. Wannan ba ƙaramin dalili ba ne, ni ma shi ne yake ja na.

Saboda haka idan ba ka taɓa buɗe inji ba, kuma babu babur ɗin da ke jiranka a gida, ka fara da CG125. Za ka koyi awo, da ɗaurin noti bi da bi a gicciye, da saita bawul, da tsabta, kuma idan ka ɓata wani abu gobe za ka same shi a kasuwa. Idan kuwa Vespa ta mahaifinka ce take jingine, zancen zaɓi bai taso ba, ita za ka yi. Sai dai ka bi ta da tsari: ka raba kesin ka duba filin karanshaf kafin ka kashe ko kwabo a kan fistin, ka sayi ko ka aro kayan aikinta na musamman, ka sauya sil duka da boris da ƙarfen giya a lokaci ɗaya ko da sun yi maka kyau a ido, ka kuma ja layi a jikin faifan kwayil da kesin kafin ka kwance shi don taimin ya koma inda yake.

Wurin aiki kuma ya zama mai ƙofa. Da hunturu ƙura ba ta barin komai, inji a buɗe kuwa ba abin da ya tsana kamar yashi, don haka duk abin da ka wanke ka shafa masa mai ka sa a leda. Da kananzir ake wanki, ba da fetur ba, musamman da yake za ka kunna risho ko ka tafasa ruwa don ɗumama kesin. Alminiyam idan ya yi zafin da ɗigon ruwa zai yi cuu a kansa, boris mai sanyi da kansa yake faɗawa mazauninsa, babu duka. Gwangwanayen madara su ɗauki notuna, kowane sashe da nasa, waya kuma ta ɗauki hoto kafin a zare kowane abu.

Ranar tashi, a CG ka sassauta murfin tof ka tabbata mai ya iso sama cikin minti na farko, in bai iso ba ka kashe. A Vespa ka saurari yadda take sauka idan ka saki totur. In ta sauka nan da nan ta tsaya daram, sil sun zauna. In ta rataye a sama tana jan lokaci, akwai inda iska ke shiga, kada ka hau titi sai ka gano shi, ka fara da gindin kafireta. Daga nan kilomita 500 zuwa 1,000 na farko a bi su a hankali, ba lodi, ba doguwar tafiya a wuta ɗaya, sannan a juye mai, a sake bin notunan tof, CG kuma a sake auna masa ratar bawul.